Tambayoyi da Amsoshi: Abin da Binciken Likitoci Ya Gano Game da Abincin Yara da Girmansu

Kusan rabin yaran da ke mutuwa a duniya kafin su cika shekara 5, rashin isasshen abinci mai gina jiki na da hannu a mutuwarsu. Sau da yawa ba yunwar ce ke kashe yaron kai tsaye ba. Takan raunana jikinsa ne, sai gudawa ko ƙyanda ko ciwon haƙarƙari su zo su ƙarasa. Wannan ya sa likitoci suka daɗe suna bincike a kan abin da yaro ke ci da yadda yake girma. Ga tambayoyin da iyaye suka fi yi, tare da abin da binciken ya nuna.

Layukan da ke jikin katin awon yaro, daga ina aka samo su?

Daga wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar tsakanin 1997 da 2003. An bi yara kusan 8,500 a ƙasashe shida: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Da gangan aka zaɓi yaran da suka sha nonon uwa, waɗanda iyayensu mata ba sa shan taba, kuma gidajensu ba su cikin ƙunci. Manufar ita ce a ga yadda yaro ke girma idan babu abin da ya tare masa hanya. A 2006 aka fitar da ma'aunin, kuma shi ne mafi yawan ƙasashe ke amfani da shi a yau.

Abin da ya kamata uwa ta lura da shi a katin shi ne tafiyar layin ɗanta daga wata zuwa wata. Awo ɗaya ba ya faɗar komai sosai. Yaron da ke ƙasa-ƙasa amma layinsa na hawa ya fi kwantar da hankali a kan wanda ke sama amma layinsa ya kwanta wata uku a jere.

Amma ai gajarta gado ce. Ta yaya za a auna yaran duniya da ma'auni ɗaya?

Gado yana nan, babu mai musu. A cikin kowace al'umma akwai dogaye da gajeru, kuma ɗan dogaye yakan yi tsawo. Sai dai binciken nan na ƙasashe shida ya nuna wani abu da ya ba mutane da yawa mamaki: zuwa shekara 5, matsakaicin tsawon yaran Gana da na Norwe da na Indiya kusan ɗaya ne, muddin sun samu kulawa iri ɗaya. Wato idan ka ga yanki guda yaransa duk gajeru ne, kafin ka ce jininsu ne, fara tambayar abin da suke ci da cututtukan da ke damunsu.

Tarihi ma ya ba da shaida. Matan Koriya ta Kudu sun ƙara tsawo da kusan santimita 20 cikin shekara ɗari. Jinin al'umma ba ya sauyawa haka cikin zuriya uku ko huɗu. Abinci da lafiya ne suka sauya.

Mene ne bambancin tsumburewa da ramewa?

Tsumburewa ita ce yaro ya kasance gajere ƙwarai idan aka duba shekarunsa. A hankali take shiga, wata da watanni, har iyaye ba sa ankara domin yaron na iya zama ɓul-ɓul yana wasansa. Ramewa kuwa ita ce nauyin yaro ya gaza abin da ya dace da tsawonsa, kuma takan zo da sauri bayan ciwo ko ƙarancin abinci. Ita ce ke kisa nan kusa. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2022 ya ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 miliyan 148 ne suka tsumbure, miliyan 45 kuma ke fama da ramewa.

Ana gane tamowa mai tsanani da ɗan tef mai launi da ake ɗaurawa a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Idan kaurin damtsen bai kai milimita 115 ba, wato ya faɗa ja, yaron na cikin haɗari. Haka ma idan ƙafafunsa biyu sun kumbura, ka danna da yatsa gurbin ya tsaya. Wannan kumburi yaudara ne, kada a ɗauke shi ƙiba.

Me ya sa ake ta maganar kwana 1,000 na farko?

Lissafin daga ɗaukar ciki ne zuwa ranar da yaro ya cika shekara 2: kimanin kwana 270 a ciki, da 365 sau biyu. A wannan tsakani ƙwaƙwalwa da ƙashi ke girma da saurin da ba za su sake yi ba, kuma a nan ne mafi yawan tsumburewa ke aukuwa. Wani kaso ma tun a cikin mahaifa yake farawa, shi ya sa abincin mai ciki ke cikin lissafin.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga ƙasar Guwatemala. Daga 1969 zuwa 1977, masu bincike sun riƙa bai wa mutanen ƙauyuka biyu wani abin sha mai kauri da ke da madara da furotin, wasu ƙauyuka biyu kuma aka ba su wani abin sha mai zaƙi wanda babu furotin a cikinsa. Ba su tsaya nan ba. Bayan kusan shekara talatin suka koma suka nemo yaran, a lokacin sun zama magidanta. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna mazan da suka sha mai furotin kafin su kai shekara 2 suna samun ladan aiki da ya ɗara na sauran da kashi 46 cikin ɗari. Waɗanda suka fara sha bayan sun wuce shekara 3 ba a ga irin wannan riba a kansu ba. A wurin matan ba a ga bambancin kuɗin shiga ba, amma an ga sun ƙara daɗewa a makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan dai an auna maganar da alƙaluma.

To yaron da ya riga ya tsumbure, shi ke nan an yi asara?

A'a. Tsawon da ya kuɓuce da wuya ya dawo duka, amma tsawo ba shi ne abin da ya fi muhimmanci ba. A 1986 aka fara wani gwaji a birnin Kinsitin na Jamaika da yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu an ba su ƙarin madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ce ke zuwa gidansu duk mako tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da yaron, ta yi masa hira, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Wasu sun samu duka biyun, wasu ba su samu ko ɗaya ba. Bayan shekara biyu, madarar da wasan duk sun taimaka. Amma da shekaru suka ja, amfanin madarar ya dushe, na wasan ya tsaya. Bayan shekara ashirin, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin da ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin ɗari.

A ganina wannan ne binciken da ya fi cancanta iyaye su sani, domin ba ya buƙatar a sayi komai.

Nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a bayarwa?

Ko ruwa. Sama da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, yana isar jariri ko ana zafi. Ruwan da aka ba shi yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, kuma ta nan ƙwayoyin cuta ke samun hanya. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, cike yake da garkuwa. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar wata shida zalla, sannan a fara ƙarin abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Binciken shayarwa na da wahala, don ba za ka ce wa uwa kada ta shayar da ɗanta saboda kana gwaji ba. Dabarar da aka yi a ƙasar Belarus a 1996 da 1997 ita ce a raba asibitoci 31 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a horar da ma'aikatan ɓangare ɗaya su taimaka wa iyaye mata su shayar, ɗayan kuma a bar shi yadda yake. Jarirai sama da 17,000 aka bi. A ɓangaren da aka taimaka, kashi 9 cikin ɗari ne suka yi ciwon gudawa a shekarar farko, a ɗayan kuwa kashi 13. Sun kuma ɗan fi ƙoƙari a gwajin fahimta suna shekara 6 da rabi. Sai dai ba a ga shayarwar ta hana ƙiba daga baya ba, abin da ake ta faɗa kafin nan.

Gargaɗi ɗaya: ba a ba jariri zuma kafin ya cika shekara, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya shanye masa jiki.

Me ya sa yau a ce bincike ya nuna kaza, gobe a ce ba haka ba?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma labarin ƙwai ya isa amsa. A 2017 aka wallafa wani gwaji daga ƙasar Ekwado: jarirai kimanin 160 'yan wata 6 zuwa 9, rabi ana ba su ƙwai ɗaya kullum har wata shida. Tsumburewa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Labari ya bazu duniya. Sai aka maimaita gwajin a Malawi da yara 660, aka wallafa a 2019, kuma ba a ga ƙwan ya ƙara tsawo ba. Masu binciken sun yi hasashen cewa yaran Malawi dama suna samun kifi, ga kuma yawan cututtuka a yankin. Ko a Ekwado, da aka koma bayan shekara biyu, bambancin ya ɓace. Wannan bai sa ƙwai ya daina zama abinci mai kyau ga yaro ba. Abin da ya faɗi shi ne zaton cewa abinci guda zai magance tsumburewa a ko'ina.

Bitamin A ma ya bi wannan hanya. Likitan ido Alfred Sommer yana binciken dundumi a Indonesiya sai ya lura yaran da ke da shi sun fi mutuwa. Gwajinsa na bai wa yara bitamin A a yankin Ace da aka wallafa a 1986 ya nuna raguwar mace-mace da kashi 34 cikin ɗari. Shekaru bayan haka, wani gwaji da ya ƙunshi yara miliyan ɗaya a arewacin Indiya, wanda aka wallafa a 2013, ya samu raguwa 'yar kaɗan da ba za a iya rantsewa a kanta ba. Da aka tattara gwaje-gwajen duka aka haɗa lissafinsu, sai aka tsaya a kan kusan kashi 12. Shi ya sa har yanzu ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 bitamin A duk bayan wata huɗu zuwa shida a wuraren da ake da ƙarancinsa.

Don haka idan ka ji an ce "bincike ya nuna", tambayi abu uku. Yara nawa ne? An raba su ta ƙuri'a, ko dai an lura ne kawai cewa masu cin kaza sun fi lafiya? Domin mai ba ɗansa abinci mai kyau yawanci shi ne mai kai shi rigakafi, sai ka rasa wanne ne ya yi aikin. Na uku, an maimaita a wani wuri?

Maganin ƙarin jini fa, in riƙa bai wa yarona haka kawai?

Kada a yi haka ba tare da shawarar ma'aikacin lafiya ba. Ƙarancin sinadarin ƙarfe shi ne babban sanadin ƙarancin jini ga yara, kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa. Amma a tsibirin Pemba na Zanzibar, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, an yi gwaji da yara kimanin 24,000, aka tsayar da ɓangaren masu shan sinadarin ƙarfe tun kafin lokaci, domin kwanciya asibiti da mutuwa sun ƙaru a cikinsu da kusan kashi 12 cikin ɗari. An wallafa wannan a 2006. Irin gwajin a Nefal, inda babu zazzaɓin sosai, bai nuna wannan illa ba. Ƙwayar cutar zazzaɓin ma tana buƙatar ƙarfen. Matsayar yanzu ita ce a bayar, amma a wuraren zazzaɓi sai tare da gidan sauro da gwaji da magani.

Akwai wata hanya mai sauƙi da bincike ya tabbatar: jinkirta yanke cibiya da aƙalla minti ɗaya bayan haihuwa yana ƙara wa jariri ajiyar ƙarfe ta watannin farko.

Wannan abincin tamowa na cikin leda, magani ne ko abinci?

Duka biyun, amma a ɗauke shi magani. Likitan Faransa André Briend da masanin haɗa abinci Michel Lescanne ne suka ƙirƙiro shi a 1996, da sunan Plumpy'Nut. Niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari da bitamin da ma'adanai. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ba da kalori 500. Sirrinsa shi ne kusan babu ruwa a ciki, saboda haka ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa, ba ya buƙatar dafawa ko firji.

Kafin zuwansa, duk yaro mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi makonni ana ba shi madarar asibiti, uwa ta bar sauran yara a gida, gadaje kuma ba sa isa. Gwaje-gwaje a Habasha da Malawi a farkon shekarun 2000, da kuma yunwar Nijar ta 2005 inda aka yi wa dubban yara magani da shi, sun nuna mafi yawan yaran za su warke a gida. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da tsarin. Sharaɗin shi ne yaron na iya cin abinci kuma babu wani ciwo mai tsanani tare da shi. Wanda ya daina ci, ko jikinsa ya saki, asibiti ne wurinsa, kuma a can ma ba a cika shi da abinci tashi ɗaya. Ana farawa da madara mai sauƙi da ake kira F-75, domin jikin da ya daɗe cikin yunwa abinci mai yawa na iya kayar da zuciyarsa. Raba ledar da sauran yaran gida yana nufin mara lafiyan bai sha maganinsa cikakke ba.

Me ke jawo tamowa mai kumburi?

Likita Cicely Williams ce ta bayyana ciwon a 1933 tana aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a 1935 kuma ta ba shi sunan kwashiyoko daga harshen Ga, ma'ana ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. An daɗe ana koyar da cewa rashin furotin ne kawai. Amma yara biyu na iya cin abinci ɗaya, ɗaya ya kumbura ɗaya ya rame. Masu bincike na ci gaba da jayayya a kan dalilin.

Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya bi tagwaye 317 a Malawi. An ɗebi ƙananan halittun da ke rayuwa a hanjin tagwayen da ɗaya ya kumbura ɗaya yana lafiya, aka dasa wa ɓeraye. Ɓerayen da suka samu na mara lafiyan, aka kuma ciyar da su abinci mara gina jiki, sun rame. Daga nan aka fara haɗa abincin da ke ciyar da ƙwayoyin hanji masu amfani. Wani gwaji a Bangaladesh da yara 123, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna sun fi ƙara nauyi duk da cewa kalorin abincin bai kai na wanda aka saba bayarwa ba. Yara 123 kaɗan ne. Tuna da labarin ƙwai.

Tsafta na ƙara wa yaro tsawo?

An yi zaton haka, domin hanjin yaron da ke yawan haɗiyar ƙazanta yakan kumbura ya rage tsotsar abinci. Manyan gwaje-gwaje uku a Bangaladesh, Kenya da Zimbabuwe, waɗanda aka wallafa a 2018 da 2019, sun gina masai, suka raba sabulu da maganin tace ruwa. Tsawon yara bai ƙaru ba. Ƙarin abinci ne ya ƙara shi, shi ma kaɗan. Fassarar da yawancin masana suka yi ita ce gyaran bai yi zurfin da zai raba yaro mai rarrafe da kashin dabbobi da ƙasar tsakar gida ba. Wanke hannu na nan da amfaninsa wajen rage cututtuka.

Idan yaro na gudawa, a dakatar da abinci?

A'a, a ci gaba da nono da abinci. Shawarar da aka fitar a 2004 ita ce ruwan gishiri da sukari na cikin leda, tare da ƙwayar zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata 6 ba. A ƙarasa kwanakin ko da gudawar ta tsaya.

Yaro mai ƙiba ai shi ne lafiyayye?

Ba lallai ba. A 2022 yara miliyan 37 'yan ƙasa da shekara 5 ne nauyinsu ya wuce kima, kuma mafi yawansu ba a ƙasashe masu arziki suke ba. Yaro na iya yin ƙiba da lemon kwalba da biskit alhali jininsa ya yi ƙasa. Binciken mutanen da suke cikin mahaifa lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945 ya nuna cewa sun fi kamuwa da ciwon sukari da na zuciya da suka girma. Jikin da ya fara da rashi, idan daga baya ya samu yalwa, shi ya fi shan wahala.

In aka nemi ɗana ya shiga bincike, in yarda?

Kana da dalilin yin taka-tsantsan. Tsakanin 1942 da 1952 an yi gwaje-gwajen abinci a kan 'yan asalin Kanada, mafi yawansu yara a makarantun kwana, ba da sanin iyayensu ba. A wata makarantar an bar yara da ƙarancin madara shekara biyu don a samu abin kwatantawa. Masanin tarihi Ian Mosby ne ya tono maganar a 2013. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa aka tsaurara ƙa'idoji, daga Sanarwar Helsinki ta 1964 zuwa kwamitocin ɗa'a da dole su amince kafin a fara kowane gwaji, da kwamitin sa ido mai ikon tsayar da shi, kamar yadda aka yi a Pemba.

Kafin ka sa hannu, a yi maka bayani da harshen da kake ji. Tambayi me za a ba yaron, wane haɗari aka sani, jini nawa za a ɗiba kuma ina za a kai shi, wa zai ɗauki nauyin magani idan wani abu ya faru, kuma wane kwamiti ne ya amince. Yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi. Kana da ikon ka ƙi, ko ka janye a tsakiya, kuma hakan bai halatta a rage wa ɗanka kulawar da aka saba ba shi a asibiti ba. Ka nemi kwafin takardar da ka sa wa hannu da lambar wanda za ka kira ko da dare ne.